Guga Uku

Ranar Talata Amai, kamar yadda muke kiran mahaifinmu, ya ajiye magagari a gabana. Ina zaune a barandar dogon gidanmu, wanda kowane iyali ke da ɗaki a cikinsa, ina cin shinkafa da ganyen rogo. Na ture magagarin da bayan hannu. Ya sa yatsan ƙafa ya dawo da shi.

"Asabar bikin girbi," ya ce. "Sarƙar zarton yayanka tana jiranka."

"Ai yana da hannu."

"Hannu kam yana da shi. Ido ne babu."

Yayana Usat yana jingine da ginshiƙi yana jijjiga 'yarsa, wadda ba ta cika wata biyu ba. Tun da aka haife ta mutane suka daina kiran sunansa, sai Baban Bungan. Amai ma ya koma Pui Bilung, kamar kowane mai jika. Ni har yanzu bakina bai saba ba.

"Ina jin ku fa," in ji Usat. "Amai, ƙyale shi. Mai takardar sakandare ne. Ƙarfe zai ɓata masa farce."

Shekara uku ke nan ban taɓa magagari ba. Sauran aiki duk ina yi. Ina noma, ina tuƙa kwale-kwale, ina ɗauko katako daga daji a kafaɗa. Wasa sarƙar zarton inji ne kawai ba na yi. Dalilin yana zaune a gabana yana shan kofi da hannu ɗaya.

A duk ƙauyukan da ke bakin kogin nan babu wanda ya kai Amai iya wasa sarƙa. Mutane kan hau ruwa na awa uku su kawo masa tasu. Kowane haƙorin sarƙa yana da ɗan ƙarfe a gabansa wanda ke hana shi nutsewa cikin itace fiye da kima. Amai yana ce masa maigadi. In maigadi ya yi tsawo, haƙori ba ya cizo, sai dai ya lashi itace. In ka rage shi kaɗan, inji ya yi gudu. In ka zarce, inji ya cafki itace, ya yi tsalle, ya dawo kan mai riƙe da shi. Kowa ya san wannan a garinmu.

Ina da shekara sha bakwai na zo hutu daga makaranta a birnin Tanjung Selor. Amai ya ba ni sarƙarsa ya ce in wasa ni kaɗai, karo na farko, ya tafi gona. Na wasa haƙoran. Sai na dubi masu gadin, na ga kamar sun yi tsawo. Bai ce in taɓa su ba. Na ba kowanne guga uku da magagari. So nake ya yanka itace ya juyo ya tambayi wanda ya yi wannan aiki.

Washegari ya hau kogi shi kaɗai. Da yamma ruwa ya dawo mana da kwale-kwalen, injinsa a kashe, Amai a kwance ciki. Kafaɗarsa ta hagu a buɗe. Yatsu biyu babu, sauran ukun suka sandare har yau. Zarton yana gefensa, babu sarƙa a jikinsa. Da aka tambaye shi a asibiti ya ce inji ne ya yi tsalle. Da aka tambayi sarƙar ya ce ta faɗa ruwa.

Na san abin da ya jefa ta ruwa. Duk wanda ya ga masu gadin nan zai tambayi wanda ya rage su. Amai ya rufa mini asiri. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa ba.

Yanzu kuma yana so in wasa sarƙar da Usat zai riƙe ranar gasa, ranar da ake sakar wa inji wuta har ƙarshe. Usat mai jaririya 'yar wata biyu.

Na ce a'a.

Ranar Laraba na sauka ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da yake tsaye a kai, neman igiya. Na tarar da Usat tsugune. Ya ɗora sabuwar sarƙar da ya sayo don gasa a kan harshen zarto, yana gurzar maigadi kamar mai kankare kwakwa.

"Guga nawa ka ba wannan?"

"Ana ƙirgawa ne?"

"Usat."

"Bara daƙiƙa bakwai Ingan ya ba ni. Bakwai. Ya kashe injinsa, ya kunna taba, ni ina nan ina fama. Matata Sulau tana kallo, uwarta tana kallo. Bana ko in ci, ko in daina zuwa kasuwa."

Ingan mutumin ƙauyen da ke ƙasa da mu ne. Shi ya ci gasar shekara biyu a jere, tun da hannun Amai ya mutu Usat ya koma wasa sarƙarsa da kansa.

Na duba. Maigadi ɗaya kawai ya taɓa, amma ya kusa cinye shi. Na karɓe magagarin daga hannunsa. Ba don gasa na karɓa ba. In sarƙar tana hannuna, masu gadin za su zauna yadda aka ƙera su. Usat ya zo na biyu ko na biyar, ya koma wa Sulau da yatsu goma. Abin da na ƙudura ke nan.

Amai bai tambayi abin da ya canza mini ra'ayi ba. Ya sa na cire gaɓar da Usat ya ɓata, muka ɗaura wata. Alhamis da safe muka fara.

Muka soke harshen zarton cikin tsagar wani kututture don kada ya motsa. Amai ya zauna a kan jarka. Ya lakato farar ƙasar da yake tauna ganye da ita, ya shafa wa haƙori ɗaya.

"Daga nan ka fara, nan za ka tsaya. Tura, kada ka ja. Magagari gaba yake ci."

"Na sani."

"Ka sani da. Ɗaga gwiwar hannunka."

Sarƙar gasa daban take da ta aiki. Ta aiki ana so ta kai yamma. Ta gasa yanka uku kawai za ta yi a rayuwarta, don haka ana fere mata baki har ya yi siriri, a rage bayan kowane haƙori don ta yi sauƙi, a daidaita tsawonsu kada wani ya fi wani ko da gashi ɗaya. In na dama sun fi na hagu kaifi, yanka zai karkace. Haka na Usat yake yi, yankansa kamar ayaba.

Na yi na dama duka. Muka juya zarton. Da na fara na hagu Amai ya taɓa ni da ƙafa.

"Ƙara ɗaya a wannan gefen. Hannunka ya fi rauni ta nan. Na kowa haka yake, babu dai mai yarda."

Hannuna bai manta ba. Wannan ya ba ni haushi. Garin ƙarfe yana zuba a kan gwiwata, ƙarar magagari tana canzawa daidai lokacin da haƙori ya kama kaifi, kuma ina jin canjin kafin in gani.

Da rana Ingan ya zo duba gungumen gasa a filin coci, ya biyo ta wajenmu. Gajere ne, ƙirjinsa kamar ganga, yana da haƙorin zinariya.

"Pui Bilung, barka da aiki. An ce kun ɗauko likita daga birni."

"Likitan haƙori," in ji Amai. "In ya gama da wannan sai ka kawo naka na baki."

Ingan ya yi dariya. Ya sunkuya zai taɓa sarƙar, Amai ya rufe ta da tsumma.

"Baban Bungan fa? Ka ce masa bana zan kawo kujera. Bara ƙafata ta gaji da jiransa."

"Haɗo da tabarma," Usat ya amsa daga baranda. "Kwanciya za ka yi."

Muka gama haƙoran kafin rana ta faɗi. Amai ya fito da ma'auninsa, guntun gwangwanin madara da ya ninka ya buga ya yi laushi, ya fi ni shekaru. Akan shimfiɗa magagari a kan haƙora biyu, a zura gwangwanin tsakaninsa da kan maigadi. In ya shige daidai, an gama. Na gwada. Bai shiga ba.

"Guga uku kowanne," in ji Amai.

Na ce haske ya tafi, sai gobe.

Juma'a da safe na ce a gwada ta haka tukuna. Amai ya dube ni, ya ce to. Akwai guntun gungume da ya rage, irin itacen gasar, mai laushi. Usat ya tayar da inji, Sulau ta riƙe waya tana duba lokaci, Bungan a goye. Yankan ya sauka a miƙe, babu karkata. Amma a hankali. Amai ya tara tafin hannunsa a inda garin ke zuba, ya kawo mini gaban fuska, ya hura. Ya tashi kamar garin shinkafa.

"Daƙiƙa talatin da ɗaya," in ji Sulau. "A yanka ukun."

"Ingan ashirin da huɗu ya yi bara," in ji Usat. Ya ajiye zarton. "Ɗan makaranta, kaifi kam akwai, na ji shi a hannuna. Amma kamar an ɗaure wa kare baki aka ce ya yi farauta. Ka sauke masu gadin nan ko in sauke su da kaina."

Aka kira shi ya je a kafa rumfa a fili. Sulau ta hau sama. Saura ni da Amai.

"Guga uku," ya ce.

"Ba zan taɓa su ba."

"Saboda me?"

Na dubi hannunsa. Yana kan gwiwarsa, yatsu ukun a lanƙwashe kamar ƙafar kazar da aka yanka.

"Na taɓa yi. Waccan sarƙar. Guga uku na ba kowanne, ba ka sa ni ba."

"Na sani."

"Na san ka sani. Shi ya sa ka jefa ta ruwa."

Ya tofar da ganyen da ke bakinsa. Ya kalli kogi, ya kalle ni, ya sake kallon kogi.

"Shi ya sa ka bar magagari?"

Na ajiye magagarin a kan kututturen.

"Ɗauko fetur," ya ce. "Za mu hau ruwa."

Mun yi kusan awa ɗaya muna hawa. Ni ke tuƙi, shi yana gaba yana nuna hanya da haɓa. Muka shiga wani ƙaramin rafi da ban taɓa shiga ba, muka ɗaure kwale-kwale, muka taka. Yana gaba da adda a hannun dama. Da muka fito wani fili na gane inda muke.

Tanyit ce, bishiyar zuma ta gidan Pui Ngau, tsohon da ke ɗaki na uku daga namu. Ina yaro akan hango ta daga kogi, fara sol, ta fi duk dajin tsawo, saƙar zuma tana rataye a rassanta. Iska ta kayar da ita shekara huɗu da suka wuce. Ko a kwance ta fi ni tsawo.

Ba a sa wa tanyit ƙarfe. A tsaye ba a yi, a kwance ba a yi. Ko reshenta ba a ɗauka a hura wuta. Wanda ya yi, sai ya ɗauki adda da kaza ya je ƙofar mai ita, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa a baranda, kowa yana ji. Amai yana cikin dattawan da ke zama a irin wannan magana. Na taɓa ganinsa ya sa wani mutum ya maimaita nasa sau biyu don muryarsa ba ta fita ba.

Ya share ganye da bakin adda. Ga falanki shida a jere a ƙasa, sun yi baƙi, gansakuka ta rufe su. A jikin bishiyar ga yanka na bakwai, ya tsaya a rabi.

"Sa hannu," ya ce.

Na zura yatsa cikin tsagar. Can ciki na taɓa wani abu mai sanyi. Amai ya fasa gefen da adda har haske ya shiga. Ƙusa ce, kaurin babban yatsana, ta yi tsatsa. A jikinta akwai wani gurbi mai zurfi, kamar an cije ta.

"Iyayenmu da turakun gora suke hawa," in ji Amai. "Gora yana ruɓewa. Ɗan Pui Ngau ne, lokacin da masu katako suke gina gada, ya samo waɗannan ya buga ya yi tsani. Bishiya ta girma ta haɗiye su. Na san da haka. Mantawa na yi."

Na tsaya da yatsana a kan ƙusar.

"Ƙofa nake so in yi wa ɗakin Usat kafin aurensa. Na ce ai ta riga ta faɗi, ƙudan zuman sun tashi, wa zai sani. Bakin harshen ne ya same ta. Haƙora huɗu suka karye, sarƙar ta zame. Duk wanda ya gan ta zai san ƙarfe ta ci. A dajin nan kuwa itace ɗaya ne mai ƙarfe a ciki." Ya goge adda a wandonsa. "Kaina na rufa wa asiri, Lencau. Ba kai ba."

"Amma masu gadin."

"Na gan su tun a gida, kafin in zuba fetur. Kana tsammani zan ɗauki sarƙa in shiga daji ban duba ba? Na sa gwangwani. Ya shige daidai. Har haushi na ji, don ni sai da na shekara biyar ina ɓata wa ubana sarƙa kafin in iya." Ya nuna falankin da ƙafa. "Shida. A tanyit, itacen da ke cinye sarƙa tun ba a je ko'ina ba. Ko sau ɗaya ba ta girgiza ba. Ban taɓa riƙe irinta ba."

Na zauna a kan falanki ɗaya, ya ɓurme, na zauna a ƙasa.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ka tambaya?"

"Kai ma ba ka tambaya ba."

"Haka ne." Ya zauna shi ma, a hankali. "Na ɗauka makaranta ce ta sa ka raina aikin. Shekara uku ina jin haushinka. Kullum in na gan ka kana wuce magagari kamar kashin kaza, sai in ce wannan yaro ya ga hannuna ya ce aikin guragu ne."

Muka zauna. Wani tsuntsu yana ta kuka a sama. Na jira in ji fushi, don ina ganin ya kamata. Bai zo ba. Yunwa ce ta zo, irin wadda na manta da ita. Amai ya taho da shinkafa a ganye da busasshen kifi. Na cinye nawa, na cinye rabin nasa. Ya kalle ni bai hana ba.

Da muka dawo rana tana sama tukuna. Na soke harshen a kututture, na shafa farar ƙasa a haƙorin farko. Guga uku. Na gaba, guga uku. Bayan kowanne ina sa gwangwani. A na sha tara ya ɗan cije, na ƙara rabi. Amai yana zaune a kan jarkarsa, bai gyara mini komai ba. Na sake bi ta kan haƙoran sau ɗaya don mayar da kaifin da gwajin safe ya ci.

Usat ya dawo yana so a gwada. Amai ya hana.

"Yanka uku ne a bakinta. Kada ka ɓatar da su a bayan gida."

Ya naɗe ta a tsumma mai mai, ya ba ni na ajiye.

Ba zan ce tsoron ya tafi duka ba. Shekara uku ya yi a jikina, ya san hanya. Asabar da sassafe, mata suna jera gorar da aka ɗura wa shinkafa a kan wuta, na cire maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar coci na tafi fili. Gungume takwas ne a kan turaku, an ɓare musu ɓawo. Na bi na farko da maganaɗisun, daga wannan kai zuwa wancan.

Pui Ngau shi ke kula da gungumen gasa tun kafin a haife ni. Yana zaune a inuwa, kunnuwansa masu dogon huji suna lilo.

"Jikana, me ya ɓace maka?"

"Babu, Pui. Ƙusa nake nema."

"Ƙusa." Ya daɗe yana kallona. "A itacen da aka saro shekaranjiya a bayan gonata."

"Ina dai dubawa."

"Duba. Dubawa ba ta yanke yatsa."

Na bi duka takwas ɗin. Babu komai.

Da rana fili ya cika. An yi tseren kwale-kwale, an yi harbin kibiya da bututun hurawa, sannan aka kira masu zarto. Ƙa'idar ita ce inji yana ƙasa a kunne, hannuwa a kan gungume. In an busa usur ka ɗauka, ka yanka faifai uku: sama zuwa ƙasa, ƙasa zuwa sama, sama zuwa ƙasa. Ƙuri'a ta haɗa Usat da Ingan a zagayen ƙarshe, ko kuma dattawa suka haɗa su, ban sani ba. Ingan ya zo da kujera da gaske. Ya ajiye ta kusa da gungumensa, mutane suka yi ta dariya.

Na ɗaura sarƙar da hannuna. Na ja ta, na sake ta, na ƙara matse ta kaɗan.

"Kada ka danna," na ce wa Usat. "Za ta ja da kanta. Ka riƙe kawai. Babban yatsanka a ƙarƙashin marikin."

"To, Amai ƙarami."

"Kuma kada bakin harshen ya taɓa komai a yanka na biyu."

"Lencau, matsa. Kana tsaye a inda zan ci gasa."

Na koma gefen igiya. Sulau tana kusa da ni, ta toshe wa Bungan kunne da tafin hannu. Amai yana bayana.

Aka busa.

Ban kalli Ingan ba, ban kalli masu riƙe waya ba. Bakin harshen kawai nake kallo. Ya shiga itace ya sauka kamar an sake shi cikin ruwa. Abin da ke fitowa ba gari ba ne, dogayen sassaƙe ne masu lanƙwasa, suna tashi har kan mutanen layin gaba. Faifai na farko ya faɗi. Usat ya juya ya kama daga ƙasa. Nan ne wurin. In za ta yi tsalle, nan za ta yi. Harshen ya hau a miƙe, ya fito ta sama, faifai na biyu ya mirgina. Na uku ban ma san lokacin da ya faɗi ba.

Usat ya kashe inji ya ɗaga hannuwa biyu sama. Fili ya ɗauki ihu. Ni ina ƙirga yatsunsa. Biyar. Biyar.

Na sake ƙirgawa, sannan na saki igiyar. Ta bar mini shaida a tafin hannu.

Daga baya aka ce ashirin da biyu ya yi, Ingan ashirin da uku. Usat ya je ya zauna a kujerar Ingan, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce a ara masa taba, shi da ba ya sha. Ingan ya tsaya yana juya faifan Usat a hannu, yana shafa fuskarsa da yatsa. Aka ba Usat jarkar fetur da kofin roba mai ruwan zinariya. Amai ya sunkuya ya ɗebi sassaƙen daga ƙasa, ya murza, ya sansana, ya zuba mini a aljihun riga.

Lahadi bayan an fito coci na ga ya kama jan zakaranmu, ya ɗauko addar da bai taɓa amfani da ita ba. Ya sa rigarsa ta zaman dattawa.

"Amai, ba sai ka yi ba. Ni ba zan faɗa wa kowa ba."

"Na sani. Gadon ɓoye-ɓoye ka yi." Ya miƙo mini zakaran. "Na ɗauka abin da na ɓoye a daji yake kwance. Ashe a kanka yake. Riƙe mini, hannu ɗaya gare ni."

Muka taka barandar, ɗaki uku. Mutane suna zaune suna shan iska, hira ta mutu da suka ga adda da zakara. Amai ya tsaya a ƙofar Pui Ngau ya faɗi komai, da murya mai fita. Falanki shida, ƙofar Usat, ƙusa, sarƙar da ya jefa ruwa. Usat yana tsaye da kofinsa na roba, bakinsa a buɗe.

Pui Ngau ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi addar, ya gwada bakinta da farce. Ya karɓi zakaran daga hannuna, ya auna nauyinsa.

"Bilung, kwana huɗu bayan an kai ka asibiti na je duba bishiyata," ya ce. "Na ga falanki, na ga jini. Na ce wannan ya riga ya biya da abin da ya fi kaza, in jira ya zo da ƙafarsa. Ka daɗe." Ya sake ɗaga zakaran. "Kuma ka zo da ramamme."

Wani ya yi dariya, sauran suka bi. Amai bai yi ba, amma kafaɗarsa ta sauka.

"Falankin fa?" in ji Pui Ngau.

"Sun ruɓe."

"Ƙofar kirki ka ɓata." Ya juyo gare ni. "Kai, mai neman ƙusa. Jikana yana da sarƙa, ko rogo ba ta yankawa. Gobe zan aiko maka."

Na ce to.

Litinin da safe sarƙa huɗu na tarar a rataye a ginshiƙinmu. Ɗaya ta Ingan ce, ya ɗaura mata busasshen kifi da igiya. Usat ya leƙo daga ɗaki da Bungan a kafaɗa ya ce in bar wa wannan masu gadinta da tsawo. Amai ya jawo jarkarsa ya zauna, ya miƙo mini gwangwanin. Na fara da ta Ingan. Na shafa farar ƙasa a haƙorin farko, na ɗaga gwiwar hannu.